Shekarar da Na Fasa Tafiya Na Ɗauki Fartanya

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku a dangi game da shekarar gubar dalma. Wasu na cewa babanku ne ya hana ni tafiya Turai, wasu na cewa ni da kawunku Lawali faɗa muka yi a kan zinari. Ku kuwa a lokacin kuna makarantar kwana, in an yi hutu sai a wuce da ku Gummi wajen kakarku ta wajen uba, saboda haka ba ku ga komai da idonku ba. Yanzu da na ajiye aiki, idona kuma ya fara rauni, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun muryoyin mutanen suna kunnena.

Sai na fara da aikin nawa, domin har yau in aka tambaye ku me Mama take yi a jami'a, sai ku ce tana koyar da kimiyyar sinadarai, shi ke nan. Koyarwa na yi, amma abin da ya ci mini ƙuruciya wani ɗan gari ne da bai cika cokalin shayi ba. A cikin gas ɗin da muke girki da shi akwai wata iska da ake kira furofan, wadda yawanci ƙona ta kawai ake yi. In aka cire mata wani ɗan abu daga jikinta sai ta koma furofilin, ita kuwa da ita ake yin bokitin roba da igiya da fararen buhunan nan da ake ɗura gero a kasuwar Gummi. Ba ta juyawa da sauƙi, sai an bi da ita ta cikin wani gari mai zafi wanda zai sa ta sauya shi kuma bai ƙare ba. Wannan garin shi muke kira katalis. Nawa haɗin abu biyu ne: farin gari mai suna alumina, shi ne shimfiɗa, sai tsatsar wani ƙarfe da ake ce wa banadiyam, a shafa ta a kansa. Duk wahalar a shafawar take, kamar man da mai waina ke sa wa tanda. In ta yi kaɗan, iskar ta wuce yadda ta shigo. In ta yi yawa, ta ƙone iskar ƙurmus, a tashi da hayaƙin banza. Ni kuwa na yi imani na gano wata hanyar shafawa da za ta kwanta siririya, ta daɗe ba ta lalace ba.

Matsalata ita ce ba mu da na'urar da zan gwada. Na yi shekaru ina haɗa gari ina gasawa ina jerawa a kwalabe, ban taɓa ganin ko ɗaya yana aiki ba. Sai wata farfesa, dattijuwa a wata jami'ar Turai, ta karanta ɗan abin da na rubuta, ta ce in zo ɗakin bincikenta in yi shekara guda in gwada su duka. An sa tafiyar farkon damina. Na wuce arba'in a lokacin, na kuma san irin wannan ƙofa ba za ta sake buɗe mini ba.

Da sanyin shekarar ne Lawali ya zo mini. Shi ne mai bi mini, ya zauna a ƙauyenmu da ke can bayan Anka tare da Inna da matarsa Suwaiba, yana noma, har zinari ya ɓulla a yankin kowa ya koma rami. Ya zo da sabon babur da sabuwar waya, ya kwance wata leda a tsakar ɗakina, sai ga dutse mai ƙyalli baƙi-baƙi.

"Yaya, ki duba min wanga dutse da injinanku," in ji shi, "ki gaya min yawan zinarin da ke ciki."

Na kai dutsen sashenmu na auna. Da na ga sakamakon sai na sake aunawa, don ban yarda da idona ba. Sannan na kira shi.

"Lawali, zinari akwai shi. Amma dalmar da ke cikin dutsen nan ta fi ƙarfin a fasa shi inda yara suke. A ina kuke niƙawa?"

"Cikin gida mana. Suwaiba na dakawa, mu kai inji, mu dawo mu wanke."

"Ka fitar da shi daga gidan nan yau. Ƙurarsa guba ce, yara take fara kamawa."

Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Ke kina can birni cikin inuwa, mu da munka samu abin ɗaga kai sai ki ce guba ne? Garin ga duk shi aka yi, wa ya mutu?"

Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Na aika wa Inna saƙo, ta ce ta faɗa masa, ya ce boko ne ya yi mini yawa.

Da bazara ta tsananta sai yara suka fara shiɗewa a ƙauyukanmu. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. Ina cikin haɗa kayan tafiya, na naɗe kwalaben garina ɗaya bayan ɗaya a auduga, aka kira ni aka ce Nura ɗan Lawali ya rasu. Bai cika shekara uku ba. Babanku ya tuƙo mu muka zo gaisuwa, da niyyar in kwana biyu in koma.

Tun daga zaure na ga abin. Wata ƙura mai laushi ta kwanta a kan komai: a bakin randa, a kan tabarma, a kan faifan da aka rufe tuwo. Turmin da ake daka dutse yana jingine da na hatsi. Suwaiba, matar Lawali, tana ɗaki cikin masu gaisuwa, idonta ya bushe don kuka. A tsakar gida kuma ga Hafsi, ƙanwar Nura, tana rarrafe a ƙasa, tana sa hannu a baki. Na ɗauke ta, sai na ji jikinta saɓal kamar tsumma. Suwaiba ta ce da har ta fara miƙewa tana kama bango, kwanan nan ta bari.

A ranar na ji cewa wasu baƙin likitoci sun iso wajajen ƙauyen Abare, sun kuma tabbatar dalma ce. Sun ce akwai maganin da ke fitar da ita daga jinin yaro, amma banza ne a ba shi magani a maishe shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon, sai an kankare tsakar gidaje an zuba sabuwar ƙasa. A nan magana ta tsaya a garinmu. Maza suka ce baƙin dabara suke yi don su kwashe ƙasar da ke da zinari. Suka ce kuma ba wani ƙato da zai shigar musu cikin gida wajen iyali. Matan da ke dakan, waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa a cinyarsu, ba wanda ya shiga ya yi musu bayani.

Bayan la'asar na sami babanku a gindin darbejiyar ƙofar gida, na gaya masa abin da ke raina. Yana jan carbi ya amsa mini.

"Na riga na ce ki tafi, na ce zan riƙe yaran, kuma ban sauya ba. In kin tafi ba ki yi laifi ba, shekaru kika yi kina jiran wannan. In kin zauna kuma ba zan ce kin yi wauta ba. Amma ke za ki zaɓa, ba zan ɗauke miki ba."

Na shiga wajen Inna. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, Malama take ce mini tun ranar da na fara koyarwa. Tana zaune a bakin gado tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba.

"Ban ce ki zamna ba, Malama. Kar gobe ki ce ni ce."

"Ban ce ke ce ba, Inna. Shawara nake nema."

"Ni ban san garin da kike dahwawa ba, balle in san daraja tai. Abin da na sani, matan garin ga ba su jin baƙo. Ke sunka sani, da wasunsu kunka yi tashe. Shi ke nan abin da ke gare ni."

Washegari na hau ɗan kabu-kabu zuwa wani tudu a hanyar Anka inda waya ke kamawa, na kira farfesar. Na tambaye ta ko za a ɗaga mini zuwa baɗi. Ta yi mini ta'aziyya da gaske, sannan ta ce ba a hannunta abin yake ba, an riga an raba lokacin na'urar, akwai kuma wani yana jira a bayana. Na ce to a ba shi. Ta ce in yi tunani. Na ce na yi. Da na kashe wayar na zauna a kan dutse ina kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa. Ba zan ce muku zuciyata fari take ba. Haushi nake ji, na Lawali, na zinari, na kaina da na iya auna dutse. Amma na san in na hau jirgi na bar Hafsi a kan ƙasar nan, ba garin da zan iya aunawa da kwanciyar rai.

Babanku ya koma bakin aikinsa shi kaɗai. Ni kuwa da safe na yayyafa wa tsakar gidanmu ruwa don kada ƙura ta tashi, na ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ɗankwali, na ɗauki fartanyar Inna na fara kankara daga bakin madafa. Ban yi nisa ba Lawali ya shigo. Tun zuwana gaisuwa kawai ke haɗa mu.

"Mi kike yi haka, Yaya?"

"Ina fitar da abin da ya kashe Nura."

"Nura kwana nai ne ya ƙare."

"Haka ne, Allah ya sa mai ceto ne. Na Hafsi bai ƙare ba tukuna."

Ya matso ya taka bakin fartanyar da ƙafa. Idonsa ya yi ja, na ga bai yi barci ba tun ranar jana'iza.

"Kina son ki ce ni na kashe ɗana? Ki faɗa gaban Inna in ji."

"Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Ba ka sani ba, yanzu ka sani."

"To mi za mu ci? Gona ta ishe mu? Ke kin taɓa kwana da yunwa tun da kika tahi?"

"Ban ce ka bar ramin ba, Lawali. Ka niƙa a bayan gari, ka jiƙa dutsen kafin a fasa, ka yi wanka ka sauya kaya kafin ka shigo ka ɗauki yaro. Ƙasar gidan nan kuwa sai ta fita, ko ka taya ni ko ka ɗaga ƙafarka."

Bai ɗaga ba. Muna tsaye a haka sai labulen ɗakin Suwaiba ya motsa. Yarinya ce mai kunya, 'yar Bukkuyum, ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban mijinta ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta fito da Hafsi a goye, ta ɗauki kwano, ta durƙusa a gabansa ta fara kwasar ƙasar da na tara tana zubawa a buhu. Ba ta dube shi ba. Inna ta fito ta riƙe mata bakin buhun. Lawali ya tsaya yana kallonsu, sannan ya janye ƙafarsa ya fita. Da yamma ya dawo da amalanke, ya ɗora turmin dutsen da taɓaryarsa ya yi bayan gari da su. Har damina ta fita bai sake yi mini magana ba.

Daminar nan gida-gida na yi ta. In shiga in gaisa, in zauna a tabarma, in sha ruwan da aka ba ni ko da na san ƙurar ta shiga randar, don in na ƙi sha ba mai saurarena. In tambayi yaran, in nuna musu ƙurar a tafin hannuna. Wani gidan a karɓe ni, wani gidan maigida ya aiko daga zaure a ce in fita. Wata da muka yi wasan ƙasa tare ta ce mini na zo ne in tona musu asiri a wajen hukuma, ta zuba mini ruwan wanke-wanke a ƙafa. Na koma gidanta bayan kwana biyu, na sake komawa, har ranar da ɗanta ya shiɗe ta aiko a kira ni. Sannu a hankali matan suka fara yi wa mazansu magana da irin muryar da ni ba ni da ita. Lokacin da masu aikin kankara na gaske suka iso da na'urorinsu da motocin ƙasa, ƙofofi da yawa a buɗe suka same su. Na bi su ina fassara, ina riƙe yara, har aka haƙa babban rami a nesa aka binne buhunan ƙasar da aka kankare.

An kai Hafsi Anka aka yi mata magani, daga nan aka wuce da ita Bukkuyum wajen kakanninta har gidan ya gyaru. Ta rayu. Kun san ta, kun san karatu yana yi mata nauyi, magana ma sai ta yi tunani kafin ta fito. Abin da dalma ta riga ta taɓa ba ya dawowa duka. Wasu yaran da na riƙe a daminar nan ba su ga kaka ba.

Na koma jami'a bayan girbi, na rame, hannuna ya yi kanta. Kwalabena suna nan cikin audugarsu a akwati. Ba da daɗewa ba na buɗe wata mujallar bincike na ga wasu a wata ƙasa sun fitar da aiki a kan hanyar shafa banadiyam mai kama da tawa ƙwarai. Ba satar mini suka yi ba, tunani ne ya zo ɗaya, su suna da na'ura. Na rufe ofis na yi kuka mai isata. Abokan aiki suka ce in haƙura in koma wani fannin da ba ya bukatar kayan aiki. Na ce a'a. Tasu hanyar ta yi kama da tawa, amma ba ita ba ce, kuma ban yarda in mutu ban san ko garina yana aiki ba.

Tunda ba zan je wajen na'ura ba, sai na ƙudura in haɗa tawa. Na sami wani tsohon tanderun lantarki da aka jingine a sito na gyara. Na kai wa mai walda zane ya yi mini siririn bututun ƙarfe da zai ratsa cikinsa. Na yi ta bin mutane har na sami 'yar tukunyar furofan tsantsa daga kudu. Sai wuta ta zama abokiyar gabata. Garin yana bukatar zafi mai tsanani wanda ba ya hawa ba ya sauka na tsawon sa'o'i, wutarmu kuwa sai tanderu ya ɗau zafi ta ɗauke. In buɗe bututun in tarar garina ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Kwalabe suka yi ta raguwa. Na shiga haɗa sababbi, ina koyarwa da safe ina gasa gari da rana, rani ya wuce, wata damina ta shigo.

Ba zan ƙara muku gishiri ba. Aikin da na fitar daga baya ƙarami ne, a ƙaramar mujalla, ba wata masana'anta da ta taɓa amfani da garina, sunana kuma bai je inda na yi mafarki ba. Da na tafi, wataƙila da labarin ya bambanta. Wannan shi ne abin da zaman ya ci mini, na sani, kuma na biya da idona a buɗe.

Amma akwai ranar da nake so ku riƙe. Wata Asabar da hantsi ina ɗakin gwaji ina kankare baƙin gari daga bututu, sai na ji mota ta tsaya a bayan taga. Na leƙa, sai ga Lawali a bayan a-kori-kura, ya dafa wani ƙaton janareta da aka ɗaure da igiya. Ashe babanku ne ya je gaisuwa ƙauye, hira ta kawo maganar wuta a gaban Inna, Lawali kuma yana gefe yana ji. Ya sauko, muka gaisa kamar baƙi.

"An ce wuta ke ɓata miki aiki," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Wanga shina yini bai tsaya ba. Ina za a aje shi?"

Muka ja waya ta taga. Ya tayar da shi, tanderu ya fara ɗaukar zafi, allurar ta hau ta tsaya cak inda nake so, abin da ban taɓa gani ba. Na zuba garin da na fi ji da shi a bututu, na buɗe iskar a hankali. Ba ni da na'urar da za ta faɗa mini abin da ke fitowa nan take, sai tsohuwar dabara: na sa bakin tiyon a cikin kwalbar wani ruwa ja-ja kamar shayi, wanda muke kira ruwan buromin. Na gaya wa Lawali cewa furofan in ta bi ta cikinsa haka za ta bar shi, furofilin ce kaɗai a nan za ta shanye masa launi. Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. Kumfa ta yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Aka kira azahar muka yi salla bi da bi don kada a bar wajen ba kowa. Ina sallamewa na ji ya ce, da ƙaramar murya:

"Yaya. Zo ki gani."

Jan ya fara sanyi. Muna kallo ya koma ruwan ɗorawa, ya koma fari-fari, har ya zama garau kamar ruwan sha. Na dafa teburi. Shekarun da na yi ina jera kwalabe, ga amsarsu a gabana, kuma ba kowa a ɗakin sai ƙanena.

"Shi ke nan?" in ji shi. "Ya yi?"

"Ya yi."

Ya sake duban kwalbar. Sannan ya share fuska da hularsa.

"Wanga ne kika bari sabadda mu."

"Ban bar shi ba, Lawali. Ga shi nan."

Ya miƙe ya leƙa akwatin da sauran kwalaben suke, ya tambaye ni ko duk sai an gwada su. Na ce duka, kuma kowanne sai ya ci yini guda. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jarkar mai ya nufi ƙofa.

"To sa na gaba," ya ce. "Ni ba yau zan koma ba."